Wai wa zai zo kallon Maraɗi?

Na faɗa a majalisar shayi cewa mai 'yan kuɗi a hannu ya nemi fili a Maraɗi ya gina masaukin baƙi. Ban rufe baki ba aka fashe da dariya. Wani ya ce in har Maraɗi wurin yawon buɗe ido ce, to rumfarsa ta kasuwa ma gidan tarihi ce, a fara biyan kuɗin shiga. Wani ya ce in nuna masa tekun. Na san da yawanku masu karatu bakinku ɗaya da su, to ku gyara zama.

Teku kam babu, na yarda. Gulbin namu ma sai da damina yake tuna sunansa. Amma ku in an ce yawon buɗe ido, Bature kuke hangowa da gajeren wando da kyamara a wuya, har ta kai ba ku ganin baƙon da ke taka muku ƙafa. Ɗan Jibiya ne, Bakatsine ne, Bakano ne, ya biyo ta Ɗan Isa ya zo biki, ko cin kasuwa, ko neman jar akuyar nan da sunan garin ya bi duniya da ita. Ina yake kwana? A zauren wani Alhaji, kan tabarma, sauro na yi masa sannu da zuwa.

Kai kuma mai cewa babu abin gani, ranka ya daɗe, yaushe rabonka da Madarunfa? Tafki ga shi shimfiɗe, ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara, kuma tun 2006 wurin ke cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan gadon duniya. Tibiri ga ta nan, kafin shayi ya huce ka isa, garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, fadar sarkin Gobir na nan. Je ka Jiratawa da rani, lokacin da ko'ina ya yi fari fat, ka ga zogale kore shar a bakin hanyoyin ruwa. A 2018 har raƙuman dawa takwas aka ɗauko a mota tun daga Kure aka kai su dajin Gadabeji. Dabba ta yarda ta yi wannan doguwar tafiya ta zauna a jihar Maraɗi, kai da aka yanke wa cibi a Bagalam kana hura hanci.

Ban ma taɓo kokowa ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamarta, mu kuwa filinmu sunan Kantu yake ɗauke da shi, mutumin da ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Shekarar da gasar ta faɗo Maraɗi, je ka nemi ɗaki a otel, ka dawo ka ba ni labari.

Zancen fili shi ne inda kuka fi ba ni dariya, don da baki kawai kuke gardama. Wanda ya fi kowa cewa garin ba ya tafiya, shi za ka tarar da hantsi a bayan babur ɗin dillali, ana nuna masa turaku a cikin gonar gero. Kakanninmu ma haka suka yi wa unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo kallon daji. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura dubu 260, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta tara ɗalibai masu neman ɗakin haya, ga abin da bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya bari na kwalta da gine-gine. Duk wannan jama'a ba a kan bishiya za ta kwana ba.

Sai dai in za ka saya, ka tambayi tsofaffi abin da ya faru a 1945. Tsohon garin a cikin kwari yake, gulbi ya cika ya cinye shi, dole aka hau tudu aka sake yanka unguwanni. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Dillalin da ya kai ka fadama cikin watan Maris yana rantsuwa wurin ba ya riƙe ruwa, ka ce masa ku sake dawowa a Agusta, shi a gaba. Takarda kuma ka kai ta ofishin magajin gari a duba. Ni da kaina na taɓa zuwa ganin filin da na biya, na tarar da mutum biyu suna faɗa a kansa, kowa da takardarsa da hatimi. Na yi musu sallama na ba su haƙuri, don tawa takardar ta fi tasu ƙuruciya.

Inda kuka kama ni, kun kama ni. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa a 2023, kasuwa ta yi tsit kamar gidan makoki. 'Yan bindiga sun hana ƙauyukan bakin iyaka barci, kuma ba wanda ke zuwa shan iska inda ake satar mutane. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ku ce sai kun ji kukansa da kunnenku, ban hana ku ba.

Amma ranar da ya yi kukan, kada in ga ɗayanku a ƙofata yana tambaya ko akwai ragowar fili kusa da tasha. Mai rumfar gidan tarihi ma na ji an ce ya riga ya sayi biyu a hanyar Ɗan Isa, da sunan matarsa.