Yadda Ake Kulle Saba Kowa Ya Shiga

Oga ya ce shafin ma'aikata na 'yan ofis ne kaɗai, kada bare ya leƙa. To, ba wuya. Buɗe saitin Apache, ka rubuta dokarka mai tsauri a sashen Directory, ko ma cikin .htaccess, ka miƙe ƙafa. Kada ya dame ka cewa duk buƙatar da ProxyPass ya cafke, kai tsaye yake miƙa ta ga sabar Tomcat da ke bayan Apache, ko kallon wannan folda ba ta yi. Ka ajiye maigadi a zaure ke nan, baƙi kuwa ta ƙofar baya suke wucewa, amma ai maigadin akwai kwarjini. Masu neman wa kansu aiki su ke sa dokar a sashen Location ko Proxy, inda take ci.

Daga nan sai ka gwamutsa tsoho da sabo. Tun 2012 da Apache 2.4 ya fito aka koma Require ip da Require all denied, amma kai ka kwaso Order deny,allow na zamanin 2.2 ka zuba a kai. mod_access_compat zai karɓa ba gardama. Wa za a bari, wa za a kora, sai an gwada. In da rabo, oga ne zai fara cin karo da 403.

Layukan ProxyPass kuwa, wanda ya fara dacewa shi ke cinyewa. Saboda haka layin keɓewa, mai alamar motsin rai, ka kai shi can ƙarshe ya huta.

Shi ma Tomcat ɗin kada ka takura masa a 127.0.0.1. Bar shi ya saurari duniya a 8080, wanda ya gaji da dokokinka ya je masa kai tsaye. Adireshin da baƙo ya rubuta a X-Forwarded-For ma ka gaskata shi, malam, zargi ba kyau.

In kana jin karamci, kunna ProxyRequests On, alhali ProxyPass ba ya buƙatarsa ko kaɗan. Masu aika saƙonnin banza za su ari sabarka su yi ta yawo da sunanka, har adireshinka ya shiga baƙin littafi.

apachectl configtest na matsorata ne. Sake tayar da saba ranar Juma'a da la'asar, ka kashe waya. In an same ka Litinin ana kukan 503, ka ce netwok ne.