Yadda Ake Fita Yaƙi da Kunne Daga Unguwar Rogo

Kafin ka hau doki, ɗan'uwa, duba cajin wayarka. Barden da ya san aikinsa ba ya kwanciya daren fita sai ya shafa sirdi, ya ja majayi, ya tabbatar linzami ba zai ba shi kunya ba. Kai kuma da za ka saurari littafin yaƙi a nan Unguwar Rogo, sirdinka batir ne. Kai wayar wurin mai caji tun la'asar, ka karɓi 'yar lambarka, ka ɗauko ta bayan magariba tana cike taf. Wanda ya shiga fagen fama da layi ɗaya, daidai lokacin da jarumi ya zare takobi ya fara kirari wayar za ta yi ɗif, a bar bawan Allah da hannu a sama har wayewar gari. Littafin ma ka sa shi cikin memori tun da rana, ko wurin masu tura fina-finai ko daga wayar abokinka, domin data kan ƙare ne a inda labari ya fi daɗi, kuma ba a tsai da sukuwa a je sayen kati.

Kada wani ya ce maka jin littafi da kunne baƙon abu ne da waya ta kawo mana. Tuna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, kuma abin da ya hana yaron bin sawun runduna ya faɗa tarkon waziri bai wuce bakin aku ba, dare bayan dare, labari bayan labari. To wayarka ita ce akunka, sai dai ita ba ta neman gyaɗa. Mu nan Sakkwato ma mun riga Imam. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara labarin hijira da yaƙe-yaƙen mahaifinta a waƙe, aka san shi da Waƙar Gewaye, kuma jajis ɗinta da 'Yan Taru da ka suka ɗauki karatunta suka kai ƙauyuka, inda matan da ba su riƙe alƙalami ba suka ji da kunnuwansu.

Da wane littafi za ka fara? Da Ganɗoki, ba na ko shakka. Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta shi, kuma yayan Abubakar Imam ne. Littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Farkonsa yana tafiya a kan ƙasar da ka sani: Kwantagora ta Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da Bida, da zuwan Nasara da bindigoginsu. Kwantagora da Bida kuwa da gaske sun faɗi a farkon 1901. Daga nan sai littafin ya yi fiffike, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare su nufi gabas, su faɗa duniyar aljanu da abubuwan al'ajabi. Wannan littafi don a ji shi aka yi shi. Kirarin da ke cikinsa a takarda kwance yake, amma in ya samu maƙogwaron da ya dace, sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, ka dafa tabarma kamar mai neman mashi.

Sai dai ga dabarar da za ta yi maka amfani har abada: ka raba wa kunnuwanka aiki. Na dama ya riƙe tarihi, wato sunan gari, da sunan sarki, da shekara. Na hagu ya riƙe ƙagen marubuci. In aka ce Kwantagora ta faɗi, miƙa wa na dama. In aka ce jarumi ya sare mutum ɗari da sara ɗaya, miƙa wa na hagu, ka ji daɗinsa sosai, ka ce kai, namiji ke nan, amma kada gobe ka je majalisar mai shayi ka rantse a kansa. Haka za ka yi da littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da takwarorinsa na Kano, masu birane da sadaukai da matsafan da marubuci ya gina da kansa. Waɗannan kusan duk rabon kunnen hagu ne, kuma kunnen hagu ma yana da haƙƙi.

Bayan ka ƙoshi da ƙarar takubba, nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nan za ka ga yaƙi ta bayan gida: hari, da satar yaro, da kasuwar bayi, da ayarin da ke keta hamada, da uwa da ta bi sawun ɗanta har ƙarfinta ya ƙare. Wannan kada ka saurare shi kana cin tsire. Ka ba shi dare guda shi kaɗai, kuma in mahaifiyarka na kusa, za ka ga ka tashi ka je ka gaishe ta ba tare da wani dalili ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, shi kuma yana nuna abin da yaƙin basasa ya bari a hannun wanda ya koyi harbi bai koyi ajiye bindiga ba.

Mai jin Turanci yana da ƙarin kiwo. Biyi Bandele ya rubuta Burma Boy a 2007, labarin wani yaro Ali Banana da ya tsinci kansa a dajin Bama lokacin Yaƙin Hitila, inda dubban 'yan Arewa suka yi fama da sojan Japan tare da sauran dakarun Afirka ta Yamma. Akwai kuma Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, na 2006, kan yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, wanda ake samu a karance da murya. Zai yi maka nauyi a wasu wurare, musamman inda ya taɓo kashe-kashen 1966 a Arewa. Ka daure ka ji shi har ƙarshe. Mutum ya ji yadda yaƙi ya kasance a ɗaya gefen kogi, wannan ma ilimi ne.

Yanzu zancen murya. Zaɓen mai karatu kamar zaɓen direban doguwar tafiya ne: saurari minti biyar kafin ka biya kuɗin mota. Guji mai karanta sukuwar dawaki da muryar sanarwar ɗaurin aure. Guji wanda ya cika kiɗan fim a bayan magana har ba ka jin ko waye ya faɗi. Nagari shi ne wanda ya san lifidi daban, sulke daban, wanda in ya ce tambari za ka ji nauyinsa, in ya ce kuge za ka ji ƙararsa, kuma ya san inda ake yin shiru. Wayoyin yanzu suna da wurin ƙara saurin magana. Kada ka taɓa shi. Kirari ba ya son gaggawa, kuma sarkin yaƙin da aka sa shi magana da sauri ninki biyu ya zama yaron mota mai kiran fasinjan Illela.

Akwai wuraren da ba a kunna littafin yaƙi, kuma wannan gargaɗi ne na mai ƙaunarka. Na farko, shagon aski. In ka zauna ka ji wanzami ko mai askin zamani yana sauraron inda aka yi arangama, ce masa, "Malam, don Allah a dakata har a gama da ƙeyata," domin hannu yana bin abin da kunne ke ji. Ɗan kabu-kabu kuma ya cire abin kunne kafin ya tayar da mashin. Titin Sakkwato ba filin sukuwa ba ne, kuma wanda ke bayanka bai yi shirin shahada ba. Tela na iya saurare, ƙafarsa ma takan ƙara sauri, amma ya ajiye almakashi in an zo kan ganuwa. Uwargida mai tuƙin tuwo ta fi kowa riba, muciya takan samu ƙarfin da ba a san da shi ba, sai dai a sa ido kan miya. In an kira salla kuwa, a tsayar, ko da kibiya tana sama. Za ta jira.

Lokacin da ya fi shi ne bayan isha'i, musamman a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ke korar kowa daga ɗaka zuwa ƙofar gida. Shimfiɗa tabarma, ka sa wayar cikin kwano don murya ta ƙara fita, ka bar yara su matso. Littafin yaƙi da aka ji shi kaɗai rabin daɗinsa aka samu. Kuma ka yi ƙoƙari ka gayyato dattijo ɗaya, ka ba shi wuri mai kyau da matashi. Ba za a yi nisa ba zai ɗaga hannu ya ce, "Tsai da ta nan, yaro. Ba haka anka yi ba." Kai kuma ka ce, "To, Baba," ka tsayar. Kada ka ji haushi, domin yanzu ne sauraron ya fara. Shi zai gaya maka abin da kakansa ya gaya masa, kuma wannan babu shi a memorin kowa.

A nan ne mutumin Sakkwato ya fi sauran masu sauraro sa'a. Wasu sai sun rufe ido su ƙaga filin daga, mu kuwa a kansa muke zuwa kasuwa. Ranar 15 ga Maris 1903 aka kara da Nasara a Giginya, bayan ganuwar birnin nan, dawaki da masu da kibau a gefe guda, igwa da bindiga mai ruwa a ɗaya gefen, kuma ba a kai rabin yini ba aka gama. Sunan nan da kake gani a filin wasa da barikin soja, daga can ya fito. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suka bi shi, har aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu har yau. Waziri Buhari kuma ya koma birni tare da waɗanda suka rage, bayan ya nemi shawarar malamai, don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Jefa wannan tambaya a tsakiyar tabarma: da kai ne, bin Sarki za ka yi ko zama da Waziri? Ka tabbata akwai shayi a kan wuta kafin ka tambaya, domin ba wanda zai tashi da wuri, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da za ta sa ka yi shiru.

In kunnen dama ya fara ƙaiƙayi, sosa shi da rana. Je ka Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ka ga kayan yaƙi da takardun da suka saura. Nemi Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya halarci yaƙe-yaƙen da kansa, tun daga Tafkin Kwatto a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Tambayi labarin Satiru, ƙauyen da ke kudu da birni, inda manoma da gatura da fartanyoyi suka karya rundunar Nasara a Fabrairun 1906, aka dawo a watan Maris aka shafe garin. Duk matashin da ke neman abin rubutawa, ga shi nan a bakin ƙofarsa.

Abu guda kuma da nake roƙonka da gaske: kula da ƙarar sifika. A birnin nan akwai mutanen da suka baro gidajensu a Isa da Sabon Birni da Rabah saboda 'yan bindiga, wasunsu suna haya ko suna zaune wurin dangi, wataƙila katanga ɗaya ce tsakaninku. Ƙarar harbin da mai haɗa sauti ya saka don ya burge ka, a kunnen wata uwa ba labari ba ce. In an zo wurin, rage murya. In baƙon ya zo da kansa ya zauna a bakin tabarma, matsa masa, ka zuba masa shayi, kada ka tambaye shi komai sai in shi ya fara.

Kada ka manta da marubuci. In littafi ya hana ka barci dare uku, nemi na takarda ka saya, ko ka biya ta hanyar da mai shi ya tanada. Tawada da fitila ba kyauta ya same su ba. Na takardar ma zai yi maka wani amfani. Ranar da ka nemi littafi a karance ka rasa, miƙa shi ga ɗiyarka ko ƙanenka ɗan sakandare, ka danna wurin ɗaukar murya, ka ce bismilla. Za ta yi tuntuɓe a kan "kwalkwali" sau biyu, akuya za ta sa baki, mai kabu-kabu zai wuce da hon, Baba zai ce a tsaya ba haka anka yi ba. Bar su duka a ciki, kada ka goge ko ɗaya. Gobe da magariba ka kai wayar caji, a ɗora daga inda aka tsaya.