Buɗe Masa, Namu Ne

Bayan sallar isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gidan Liman, mai shayi yana ta juye-juyensa, sai hira ta gangaro kan sabuwar katangar da aka yi wa ma'aikatar gwamnatin da ke bayan layinmu. An ɗaga ta ta kai tsayin mutum biyu, an naɗa mata waya mai reza a ka, an shafe ta da fenti. Kowa yana ta yabo. Baba tsohon soja, wanda ya daɗe yana gadi bayan ya ajiye kaki, bai tanka ba sai da muka gama. Sannan ya ce, "Yarana, wa ya zagaya bayanta ya gani?"

Babu wanda ya zagaya, amma duk mun san abin da ke can, domin aikinmu ne. Akwai 'yar ƙofar da ma'aikata suka roƙa a bar musu don yanke zuwa masallaci, kwaɗonta ya lalace tun bara, da igiya ake ɗaure ta. Akwai dalbejiyar da reshenta ya haura ciki, kuma ba mai yarda a sare ta saboda inuwa. Jujin da muke zubarwa a gindin katangar ya yi tudu har yaro yana takawa ya leƙa. Bakaniken layi kuwa ya jera matattun motoci a jikinta, ba wanda ya san mai su.

Sai dai Baba ya ce duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da babbar ƙofa. Nan ne halinmu yake fitowa fili. Mai Keke Napep ya zo, a sauke shi a duba har ƙarƙashin kujera. Baƙar jif mai duhun gilashi ta danno hon, kafin ta iso an wangale ƙofa ana sara mata. In maigadi ya yi ƙarfin hali ya ce a buɗe but, abin da zai ji shi ne, "Ka san ko ni wane ne?" In kuma fuskar sananniya ce, wani daga ciki zai ɗaga murya, "Buɗe masa, namu ne." Mun taso da kunyar manya da kara ga na gida, kuma ni ban raina wannan tarbiyya ba. Amma a bakin ƙofar barikin soja ko depon mai, wannan karar tana iya cin rayuka.

Malamin makarantar da ke cikinmu ya tuna mana ranar 16 ga Yuni, 2011. Motar da ta tashi da bam a hedikwatar 'yan sanda ta Abuja ba katanga ta haura ba. Ayarin Sufeto Janar Hafiz Ringim ta biyo a baya ta shige ciki. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 26 ga Agusta, wata motar ta banke shingayen ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai har jikin bene, mutum sama da 20 suka rasu. Shingen da aka sa don ya ce wa direba dakata daban yake da wanda zai iya tsayar da mota mai gudu, mu kuwa na farkon muka fi saye.

Bayan harin Kano na Janairun 2012 kowa ya farka. Aka jera buhunan yashi da durom-durom, masallatan Juma'a suka sayi na'urar nan da ake shafa wa mutum a jiki. Ku je ku duba yau. Buhunan sun fashe ciyawa ta fito a kai, na'urar kuma wani wurin ana shafawa ne kawai, batirinta ya daɗe da mutuwa. Mai shayi ya ce haka fitilun katangar bayanmu suke: in an ɗauke wuta, janareta ofishin Oga kaɗai yake kai wa.

Gidajen yari ma ga su nan. A daren 5 ga Yuli, 2022 aka fasa na Kuje, fursunoni sama da 800 suka fice, daga baya shugaban majalisar dattawa na lokacin ya je ya tarar ko kyamarar tsaro babu. Na Suleja ba maharin da ya taɓa shi. Ruwan sama ne ya kayar da tsohuwar katanga a Afrilun 2024, sama da mutum 100 suka gudu. A Satumbar shekarar ambaliyar Maiduguri ta rusa wata, 281 suka fita. Katanga tana tsufa kamar mutum, tana son a duba gindinta kafin damina, a share magudanarta, a toshe tsagarta tun tana ƙarama. Kwangilar gini tana da masu bibiya, ta gyara ba mai waiwayarta.

Na ce, "Baba, to maigadin fa?" Ya girgiza kai. Ya ce dattijon da ke ƙofar bayanmu shi kaɗai yake kwana, daga magariba har hantsi, da tocila da sanda, albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma sai ya haɗa wata biyu bai gan shi ba. Shi ake aika sayen kati, shi yake wanke motar Oga. Duk lokacin da ya tafi aike, ƙofar ita kaɗai take.

Liman, da ya yi shiru tun ɗazu, ya ce kakanninmu ba haka suka riƙe ganuwar Kano ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, dare ya yi a rufe, a kuma riƙa yi mata yaɓe da aikin gayya. Mu ne muka zo muka riƙa ɗibar ƙasar badala muna gini da ita.

Kafin mu watse mun tsayar da ranar Asabar don kwashe jujin nan, Liman kuma zai yi wa bakanike magana. Kai ma mai karatu, in maigadi ya tsayar da kai gobe ya ce ka buɗe but, komai girmanka ka sauko ka buɗe masa, ka kuma yi masa sannu da aiki.