Rabe-raben Masu Mafarkin Motar Tsere a Ƙasar Karaye da Rogo

Motar tsere, a ma'anar da masu ƙera ta suka ba ta, ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, aka ɗora mata injin da ya fi ƙarfin jikinta, aka kuma yi ta domin titin da babu rami a kansa. A ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, waɗanda su biyu ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye ta yanzu tun 2024, samari sun faɗaɗa ma'anar har ta haɗiye duk wata mota gajera mai gurnani, ko tsohuwar BMW ce, ko Mercedes C300, ko Honda Accord ɗin 2008 da 'yan kasuwar mota suka laƙaba wa Evil Spirit. Ƙasa ce ta masara da shinkafa da rake, wadda madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992 ta ƙara wa noman rani da kamun kifi, saboda haka kuɗin mota a nan daga gona yake fitowa ko da mai motar ya ƙi jinin fartanya.

A Ingila, abin da ke raba saurayi da irin wannan mota shi ne inshora, wato yarjejeniyar da mutum zai riƙa biyan kamfani wani abu duk shekara domin kamfanin ya ɗauki asarar idan tsautsayi ya auku, domin kamfanonin can suna duba shekarun direba da ƙarfin injin, sai su yanka wa ɗan shekara 19 kuɗin da kan kusa kamo farashin tsohuwar motar kanta. A Najeriya kuwa mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta farashinta ɗaya ne ga dattijo mai lallaɓa Peugeot 504 da yaron da bai san amfanin birki ba. Ke nan inshora ba ta hana kowa mota a ƙasar Karaye, sai dai ta fallasa halin mai motar bayan ya saya, kuma a kan haka ne za a iya rarrabe masu mafarkin.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Mai Mota a Waya, wanda bai taɓa riƙe sitiyarin da ya wuce na babur ɗin yayansa ba, amma ya haddace ƙarfin injin kowace mota da daƙiƙun da take ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. Teburin mai shayi ne ajinsa, kuma a nan yake yanke hukunci cewa Lamborghini ta fi Ferrari da irin tabbacin wanda ya gaji su biyun. Shi ne kaɗai a wannan jeri da bai taɓa yin asarar ko sisi ba in ban da kuɗin data, don haka a ra'ayin mai wannan rubutu ya fi sauran hankali, ko da yake ba zai ji daɗin dalilin yabon ba.

Kusa da shi akwai Mai Jiran Kaka, wanda ba ya ƙirga farashin mota da naira sai da buhu. Shi mutum ne mai tsari: yana noma, yana zubin adashi, yana da ɗan littafin da ya rubuta adadin buhunan masarar da suka rage tsakaninsa da motar. Abin da littafin bai hango ba shi ne watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sai duk motar Balijiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje kafin a shigo da ita, ta bi dala ta yi sama, da kuɗin kwastan a bayanta. A watan Janairun 2017 ma an hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, abin da ya rage armashin tsohuwar hanyar Kwatano da Maraɗi. Duk kakar da ya auna amfaninsa sai ya tarar motar ta ƙara masa buhu, har ya kai ga yin aure, ya haihu, yana dai cewa baɗi.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne Mai Sayar da Gado, domin shi ne ya ƙetare daga mafarki zuwa aiki. Kasonsa na gonar mahaifi yake sayarwa, sau da yawa fadamar da ake noman rani a cikinta, ya nufi Kano da dillali a gefensa, kuma dillalin, wanda la'adarsa ke hawa tare da farashi, yakan rantse cewa motar wata likita ce ta hau ta daga gida zuwa asibiti kawai. Ranar da ya shigo gari da ita yara na bin sa da gudu, tsofaffi na cewa Allah ya sa alheri da muryar da ke nufin wani abu dabam. Sai kuma motar ta fara saduwa da ƙasar da aka kawo ta. Tudun rage gudu na farko yakan kankare mata ciki, na biyu ya kwance salansa, kuma tunda salansar da ta fashe tana ƙara gurnani, sai mai motar ya ce da ma haka yake so. Idan damina ta sauka, hanyar da ke shiga ƙauyensu ta zama laka, sai a ga motar da aka ƙera domin gudun kilomita 240 a awa tana jiran shanun huɗa su ja ta, mai shanun kuma yana ciniki a tsanake domin ya san babu inda za a je.

Babbar jarrabawar dai a gidan mai take. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, injin mai silinda shida kuwa ba ya jin rarrashi. Daga nan Mai Sayar da Gado yake koyon sayen mai a kwalba wurin 'yan bumburutu, da kashe inji a gangara, da tambayar duk abokin da ya nemi rage hanya ko zai sa lita biyu. A ƙarshe motar takan koma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol, ana wanke ta duk Juma'a da safe kamar amaryar da ba a bari ta shiga ɗakin girki, ana tayar da ita minti biyar don kada batir ya mutu, don kuma unguwa ta tuna cewa tana nan. Idan aka tambaye shi batun cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita har da sata da gobara, kuma hukumar inshora ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, yakan yi lissafi a ransa cewa motar miliyan 10 za ta ci naira 500,000 duk shekara, sannan ya sauya zance.

A nan ne Mai Takardar Gefen Titi yake shigowa, kuma fahimtarsa tana buƙatar a san abin da doka ta ce. Tun dokar 1945 ta zamanin Turawa aka wajabta wa duk mai abin hawa inshorar da ke kare wani, wato wadda ba ta gyara wa mai mota ko madubi, amma tana biyan mutumin da ya buge, ko ta rauni ko ta rai ko ta dukiya. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 daga 1 ga Janairu, 2023, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Shi wannan saurayi bai ɗauki inshora a matsayin maganin hatsari ba, ya ɗauke ta maganin ɗan sanda, takarda ce guda cikin fatikula da ake miƙawa ta taga a shingen bincike. Tunda aikin takarda a nuna ta ne, ba ya ganin dalilin biyan 15,000 alhali wani mai tebur da lema a kusa da ofishin lasisi zai buga masa mai kama da ita, da hatimi har biyu, a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Ya kashe dubbai wajen sa wa gilashi duhu da ɗaura fitilu masu launi a ƙarƙashin mota, amma a kan wannan ɗaya yake nuna tattalin da iyayensa suka daɗe suna roƙon Allah ya ba shi.

Wayonsa ya fara tsufa tun da kamfanonin inshora suka haɗa rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da lambar mota ta waya a ga ko takardar na da asali, kuma daga 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar a faɗin ƙasa. Sai dai ko wannan bai sauya masa ra'ayi game da manufar inshora ba, illa ya tabbatar masa da ita, domin yanzu yakan sayi ta gaskiya saboda maganin ɗan sanda ya ƙara tsada ne kawai.

Abokin hamayyarsa a majalisa shi ne Mai Tawakkali, wanda yake ƙin inshora a kan hujjar addini, kuma wajibi ne a yi masa adalci, domin malamai da yawa sun soki inshorar kasuwanci saboda riba da garari, wato cinikin abin da ba a san ko za a same shi ba. Matsalarsa ta taso ne bayan NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka fara aiki. Takaful tsari ne da mahalarta ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, a biya wanda asara ta faɗa wa, abin da ya yi saura kuma a iya raba musu, ga kwamitin malamai na sa ido. Idan aka kawo masa wannan bayani, Mai Tawakkali na gaskiya yakan yi shiru ya karɓa, na jabu kuwa sai ya gano cewa ofishinsu ya yi nisa. Alamar da ake gane na biyun da ita ba ta ɓuya: ya rubuta addu'a a gilashin baya da manyan haruffa, tayoyinsa huɗu sun suɗe, kuma ba ya son a tuna masa zancen ɗaure raƙumi.

Akwai kuma Mai Aro, wanda ba shi da mota, ba shi da lasisi, amma yana da abokai masu aure. Ranar ɗaukar amarya ce ranarsa, inda yake karɓar makulli da alkawarin zuwa nan da nan, ya shiga wasan mota, wato juya ta a wuri ɗaya da birkin hannu har ƙura ta rufe 'yan kallo. Doka ta ce sai mai shekara 18 da lasisi zai yi tuƙi, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan wanda ke riƙe da sitiyari ba shi da shi, amma wannan sharaɗi yana cikin ƙananan rubutun da babu wanda ya taɓa karantawa tsakanin garin Turawa da garin Zarewa.

Duk waɗannan hanyarsu ɗaya take ɓullewa, wato zauren da ake sulhu bayan tsautsayi, kuma a can ne ake ganin nau'in ƙarshe, wanda bai taɓa mafarkin mota ba amma shi ke biyan kuɗin mafarkin: Kawun Yaro. Idan motar ta rushe katangar wani, ko ta ture akuya mai ciki, ko ta murƙushe babur ɗin ɗan acaɓa, ba kamfani ake fara kira ba, mai unguwa ake kira. A shimfiɗa tabarma, a jajanta, a ce ƙaddara ta riga fata, wanda aka yi wa ɓarna ya ce ai shi don Allah ya yafe, sannan ya lissafa bulo nawa ne suka zube da buhun siminti nawa za a buƙata. Akuyar kuwa, bisa al'adar da ba ta sauyawa, takan zama ita ce mafi haihuwa a garin, tagwaye take yi duk shekara. Kawu yana zaune ya sunkuyar da kai, yana neman ragi da sunan zumunci, yana tuna wa kowa cewa kakannin ɓangarorin biyu sun yi kiwo tare, alhali a ransa yana auna wanne daga cikin bijimansa zai tafi kasuwa.

Abin ban takaici, wanda dariya ke ɓoyewa, shi ne a wasu lokuta takardar gaskiya tana nan kwance a cikin motar, kuma da an sanar da kamfani da wuri, an kai rahoton 'yan sanda da hotunan ɓarnar da kiyasin gyara, da katangar da babur ɗin duk sun shiga cikin miliyan ukun da aka riga aka biya dominta. Amma mai motar bai san takardar na da wani aiki bayan shingen bincike ba, Kawu kuma yana ganin kai magana wurin 'yan sanda da kamfani tonon asirin dangi ne, wanda aka yi wa ɓarnar shi ma ya fi yarda da bijimin da yake gani da idonsa a kan fom ɗin da za a aika Legas. Ta haka kamfanin yake riƙe kuɗinsa cikin mutunci ba tare da ya ƙi biyan kowa ba, tunda babu wanda ya tambaye shi.

Kawu ba ya karɓar kuɗin shekara, ba ya neman rahoto, amma yana da sharaɗi guda da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, shi ne makullin ya dawo aljihunsa har sai an mayar masa da bijimi. Tunda kuma shi ba mutumin da zai bar dukiya ta yi zaman banza ba ne, yakan kira bakanike ya ɗaga motar ta daina shafar ƙasa, a ɗinke salansar, a cire kujerar baya, a ɗauko direba mai iyali, kuma a ranar kasuwa ta gaba akan gan ta a hanyar Maƙarfi ɗauke da kwalayen mazarƙwaila, tana tafiya a giya ta biyu.