Yadda Za Ka Karanta Littafin Mai Gadin Kwamfuta Ba Tare da Jininka Ya Hau Ba

Mai shagon buga takardu a Gwarzo, da kai ɗalibin Garo mai cike fom a laftof ɗin yayanka, ku matso. Kwamfutarku tana da mai gadi, wato katangar tsaron Windows. Ga yadda ake zama da shi lafiya.

Na ɗaya, ba shi biro. Ba ya rubuta komai sai an sa shi. Buga wf.msc, ka shiga saitin katangar, ka kunna rubuta duk wanda aka kora. Sunan littafin pfirewall.log.

Na biyu, kada ka taso 'yan sintiri don ka ga DROP layi-layi. Ma'anarta an ƙwanƙwasa, an kuma sallami baƙo. Galibi manhajoji ne masu laluben adireshi dare da rana, ba su san hanyar Kabo ba balle su ƙulla gaba da kai. In ka kunna rubuta waɗanda aka bari, ALLOW daga adireshin da ba ka sani ba ne zai sa ka gyara zama.

Na uku, duba src-ip, wato adireshin da baƙon ya fito. In ya fara da 192.168, na gida ne: ko wayar uwargida, ko maƙwabcin da aka ba kalmar sirrin waifai ranar suna, har yau bai sauka ba. Canja kalmar sirrin, ka haɗa da "admin" ɗin da MiFi ta zo da shi.

Na huɗu, haddace lambar ƙofa biyu. Ta 3389 ake sarrafa kwamfuta daga nesa. In ba ka amfani da ita, rufe. Ta 445 kuwa muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila.

Na biyar, daina yi wa sabuntawa rowar data. Microsoft ta daina ɗinke ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shida, kuma shi ne babba: wanda ka shigo da shi da hannunka, mai gadi ba ya tare shi. Manhajar da aka fasa, da filashin da ya zaga shagunan masu tura finafinai daga Getso zuwa Lakwaya, sun fi DROP dubu haɗari. A bincika filashi da riga-kafin kwamfuta kafin a buɗe, a kuma ajiye kwafin takardun jama'a a wani wuri daban.