Yadda Ake Tilasta wa Kwamfutar Ofis Buga Gem

Lokacin da kamfanin Lenovo ya fito da ThinkPad T480 a 2018, babu injiniyan da ya yi tunanin wani saurayi zai raba dare da ita yana satar motoci a birnin Los Santos na gem ɗin GTA V. Don lissafin albashi aka yi ta, da rubuta wasiƙa, da taron da ba ya ƙarewa. Sai dai wasu daga cikinta sun zo da ɗan katin hoto na Nvidia mai suna MX150. Da ma'aikatun Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, sai ga su a Computer Village ta Ikeja da Farm Centre ta Kano a matsayin na hannu. Mai shago na hango koren tambarin Nvidia, ya rantse wa mai saye cewa wannan ai ta gem ce.

Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, kuma a nan matsalar take.

Abu na farko, mai ita ya san me ya saya. MX150 ya fito a 2017 da ma'ajiyar hoto ta gigabait 2, kuma ƙwaƙwalwarsa ɗaya ce da ta GT 1030, wato autan katunan tebur na wancan zubin. Wani abin takaici, iri biyu ne da suna ɗaya: akwai mai jan wuta wat 25, akwai mai wat 10 da aka yi wa siraran kwamfutoci. Ƙaramar manhajar GPU-Z ce ke tona asiri. Wanda ya ga lambar 1D10 ya yi hamdala, wanda ya ga 1D12 kuwa ya yi haƙuri. Mai MX250 na 2019 kada ya ɗaga wa kowa hanci, kusan kayan nan ne aka ɗan ƙara wa gudu aka sake wa suna.

Daga nan sai zaɓen abokin karawa, kuma ka'idar ita ce a nemi gem ɗin da ya girmi kwamfutar. GTA V, wanda ya iso kwamfuta a 2015, yana tafiya. PES 2017 yana tafiya har da rangwaɗa. Euro Truck Simulator 2 na 2012 zai bar mutum ya tuƙa tirela daga Jamus zuwa Faransa cikin kwanciyar hankali, ba shingen karɓar na goro ko ɗaya. Cyberpunk 2077 kuwa, da ya fito a ƙarshen 2020 yana neman aƙalla gigabait 3, a gaishe shi daga nesa. Mai taurin kai zai iya buɗe shi, amma zai ga birnin kamar ana nuna masa hotunan biki ɗaya bayan ɗaya.

Kwamfutar ofis marowaciya ce. Tsarin Optimus na Nvidia kan bar aiki a hannun ƙaramin Intel UHD 620 don tattalin batir, kuma ba kullum yake gane cewa an shiga filin daga ba. Sai an shiga saitin hoto na Windows an nuna masa gem ɗin da yatsa, an ce a ba shi babban kati. Caja kuma ba ta barin jiki, domin ana zare ta gudu zai faɗi. Saboda haka NEPA na cikin 'yan wasan kowace ƙungiya, kuma ta fi son ɗauke wuta ana shirin bugun fanareti.

Sai babbar jarrabawa, wato ajiye girman kai. Allon 1920 a 1080 yana ɗauke da ɗigon hoto sama da miliyan 2. Idan aka sauko 1280 a 720, sun koma 921,600, ƙasa da rabi. Inuwa ta tafi, ciyawa ta tafi, ƙyallin ruwa ya tafi. GTA V har ma'auni yake nunawa na yawan ma'ajiyar da aka cinye, don mutum ya ga iyakarsa da idonsa. Hoto 30 a daƙiƙa ya wadatar. Masu maganar 144 ba unguwa ɗaya ake da su ba. A cikin dabarun ƙawata hoton da aka rage, DLSS na masu katin RTX ne, amma FSR da AMD ta saki a 2021 ba ya wariya, idan gem ɗin ya san da shi. Ramin RAM biyu ne a T480, a cike na biyun.

Zafi shi ne mugun maƙiyi. Firosesar i5-8250U ta wat 15 ce, idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma a Kano cikin Afrilu iskar ɗaki ma ta haura 40. Ɗora kwamfutar kan katifa toshe mata hanci ne. A ɗaga bayanta da littafi mai kauri (rahoton shekara na ofis ya dace, tunda ba mai karanta shi), a kai wa mai gyara ya busa ƙurar hunturu daga fanka, ya sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, wanda wataƙila tun masana'anta ba a taɓa shi ba.

Idan kwamfutar ta ma'aikata ce ba ta mutum ba, akwai ƙarin shinge. Jami'in kwamfuta ya kulle shigar da manhaja, kuma faifan gigabait 256 ba zai ɓoye gem mai cin kusan 100 ba. Wanda ya tsallake waɗannan zai ƙware a latsa Alt da Tab da zarar ya ji takalmin oga. Allon zai koma Excel cikin ƙiftawar ido, amma fanka za ta ci gaba da kururuwa na tsawon mintuna, kuma oga ya san jadawalin albashin ma'aikata 12 bai taɓa sa kwamfuta haki haka ba.