Babarbare Zai Sayi Kushin

Bawana! Labari ya iso mini cewa ka kama ciki da falo a Mayo Gwoi, yanzu kana zagaya shagunan kayan ɗaki na Jalingo da babbar riga da hula zanna-bukar, kana taya kushin. An ce duk wadda ka nuna, da an faɗi kuɗinta sai ka ce bari ka yi salla ka dawo. Masu shaguna har sun fara yabon ibadarka.

Ban ga laifinka ba. Tun 1808 da kakannina Fulani suka tashi naka daga Birnin Ngazargamu kuke neman wurin zama. To ga shi Allah ya jefo ka ƙasar Muri, kuma haƙƙin ubangiji ne ya zaunar da bawansa. Buɗe kunne.

Ciwonka a ido yake. Babarbare in ya ga abu mai ƙyalli, shi ke nan an gama da shi. Cikakken saiti kake so, mai cin mutum bakwai, da ruwan gwal a hannuwa, wai irin na fadar Shehu. Albashinka kuwa da kaɗan ya ɗara naira dubu 70 ɗin nan da aka yanka a 2024 a matsayin mafi ƙanƙanta. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira, soso da yadi da gam kowanne ya yi tsalle, ga kuɗin motar da ta kawo su Taraba, kuma duk a wuyanka za a sauke. Saboda haka ka sayi mai cin mutum uku guda ɗaya, ka shimfiɗa darduma. Baƙin naka nawa ne? 'Yan uwanka ma in sun zo daga Maiduguri, ƙasa za su sauko su kewaye tiren burabusko.

Ka bar shagon gilashi, ka tafi wurin kafinta, ka ce a haɗa maka a kan idonka. Kuɗin kujera a ciki suke, inda yadi ya rufe. Ka ga ƙashinta tsirara kafin a sa mata riga. Ɗanyen katako nauyi gare shi da sanyi a hannu. Da hunturu ya busa zai tsage, ƙusa ta saki, kujera ta fara kuka duk lokacin da ka motsa. Ka nemi busasshe, maɗaci in aljihu ya yarda, in bai yarda ba malaina, kuma a shafe shi da maganin gara. Kada ka buɗe baki ka ce madobiya kake so. Icen nan da 'yan katako ke kira madirid an yi ta loda shi a tirela daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har sai da duniya ta sa wa cinikinsa takunkumi a 2017. Masu kuɗin can ne ke zaune a kansa, kai sai dai labari.

Sai soso. Ka danna shi da gwiwa ka ɗaga. In ya taso nan take, ya yi. In ya tsaya yana shawara, bar shi, don kafin shekara ta zagayo katako ne zai riƙa gaisawa da kai. Wasu kan dunƙula guntaye su lulluɓe da falle mai kyau a sama, don haka ka tsaya a sa a gabanka. Batun leda kuwa, ka tuna zafin Jalingo na Maris da Afrilu, ga wuta sai ta ga dama. Ka zauna a kan leda da singileti, sai an kira maƙwabta su ɓamɓare ka. Ka zaɓi yadi mai kauri mai duhu, wanda zai jure ƙura da hayaƙin turaren wutar da na san ba za ka bari ba.

Na ji dillali ya yi maka tayin ta hannu. Arha ce, amma arha ba ta ado. Ka haska tocila cikin ɗinki da ƙarƙashi. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi, kuɗin cizo ne, kuma su ba sa biyan haya.

Kafin komai ka auna ƙofarka da igiya, ka kai wa kafinta. Kada a sauke kujera daga a-kori-kura ta ƙi shiga, unguwa ta taru tana ba ka shawarar fasa bango a gidan haya. Kafin alƙalami kuma kada ya wuce rabi, a rubuta ranar karɓa a gaban shaida. Alkawarin kafinta da na tela daren salla uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bashi fa, kul! Ka shiga adashi a wurin aiki, in kwasarka ta zo ka saya. Ka kuma tuna ranar da wata ta tausaya ta aure ka, iyayenta ne za su cika falon da nasu jeren, taka a tura ta zaure. Wa ke cin bashi don ƙawata zaure?

Na san abin da za ka ce: me Bafillace ya sani game da kushin, shi da ke zama a kan sanda? To, wanda ya saba naɗe gidansa ya ɗora wa jaki ai shi ya san kayan da ke da amfani. In kuɗin sun gaza, watan cika-ciki na tafe. Ka zo da tsintsiyarka ka share mini ƙofar gida, in ba ka kuɗin shara, ka cika ka biya kafinta.